Kwalba uku da sabulu: gwajin kimiyya daidai aljihun ɗalibi

Duk lokacin da aka nemi ɗaliban kolej ko lise su kawo aikin kimiyya don baje koli, da dama kan ja baya saboda makarantunsu ba su da ɗakin gwaji. Alhali akwai tambayar da ke cin kuɗin gidaje kullum, kuma kwalba uku sun isa a amsa ta: me ya sa sabulu ke kumfa a wani ruwan, ya ƙi yi a wani?

Ɗalibi zai zuba ruwan sama, na famfo da na rijiya daidai wa daida, ya ɗiga narkakken sabulu ɗigo 10 a kowace kwalba, ya girgiza sau 20, sannan ya auna tsayin kumfar. Ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Malbaza don yin siminti, yakan kwaso sinadaran kalsiyam da magneziyam. Su ne ke kama sabulu su mai da shi farin datti mai manne wa bokiti. Mai wanki ta yi ta guga, sabulu na ƙarewa, kaya ba su fita ba. Idan aka maimaita da omo, kumfar ba ta raguwa sosai, domin waɗannan sinadarai ba su cika kama shi ba.

Inda gwajin kan lalace shi ne a canza ruwa da sabulu lokaci guda. Abu ɗaya ake canzawa, a maimaita sau 3, a rubuta kowane awo.