Uwargida, Maganin Rima Daga Waje Yake

'Yan'uwana mata na Sharaɗa da Challawa da Bompai. A watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Kano, ɗakuna da yawa sukan yi rima, fumfuna ta ɓata tufafi da hatsi, ta kuma tayar wa yara tari da asma.

Uwargida, fenti ba ya maganin wannan. Ruwan da ya kwanta a gindin bango shi ne yake tsotsuwa ya hau sama. A unguwanninmu kuwa, kwata takan haɗa ruwan sama da na masana'antu, in ta toshe sai ta juyo gidaje.

Tun watan Afrilu ki tuna wa maigida a yashe kwata, a gyara indararo ya zuba nesa da bango. A cike gindin bango da ƙasa ya gangara waje, a yaɓe shi da siminti, a shafa kwalta. Kakanninmu da makuba suke yin wannan aikin.

A ɗaki kuma, ki ɗora buhu bisa katako, ki janye akwati daga jikin bango, ki buɗe taga in rana ta fito. Rigakafi ya fi magani.