Jin Labarin Duniya Daban, Fahimtarsa Daban

Bahaushe ba baƙo ba ne ga labarin duniya. Tun 1957 da BBC ta fara shiri da Hausa, rediyo ke rataye a kafaɗar manomi da ɗan tireda, kuma da wuya ka zauna a teburin mai shayi ba ka ji an yanke wa Amurka ko Faransa hukunci kafin shayinka ya huce ba. Sai dai manufofin ƙasashen waje, wato dalilin da ke sa gwamnati ta ƙulla da wannan ƙasa ta ɓata da waccan, ba a gane su da kunne kaɗai. Sai an bincika, sai kuma an rubuta.

Ɗauki abin da ya faru bayan 26 ga Yuli, 2023, ranar da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta zauna a Abuja, ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da shi kan mulki. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, albasa tana ruɓewa a cikin buhu, direbobi suna kwana a ƙarƙashin motocinsu. A gari kuwa magana ɗaya ce: Faransa ce ta sa.

Wanda ya zauna zai cika shafi biyu a kan wannan magana, a layi na uku zai tsaya. Wace doka ta ba ECOWAS ikon hukunta mambarta? Dole ya nemo yarjejeniyar dimokuraɗiyya da shugabanci nagari da aka sa wa hannu a Dakar a 2001, wadda ta haramta hawa mulki ba bisa tsarin mulki ba, kuma Nijar na cikin masu sa hannu. Me ya sa tun farko Najeriya ke sayar wa Nijar wuta, alhali ita ma ba ta ishe ta ba? Nan sai ya buɗe taswira: kogin Neja ta Nijar yake biyowa kafin ya iso madatsun Kainji da Jebba. Muddin maƙwabciya na samun wuta, ba ta da gaggawar tare ruwa a sama. To ga madatsar Kandadji da Nijar ta fara ginawa a yankin Tillaberi. Ashe wanda ya yanke waya, ruwan kansa ma ya taɓa.

Tarihin Faransa a Sahel gaskiya ne, ba mai musu. Amma shi kaɗai ba ya bayyana dalilin da ya sa Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da yaƙi da Nijar, ko dalilin da ya sa Sarkin Musulmi da malamai suka kama hanyar Yamai. Jihohin Najeriya bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi zuwa Borno, kuma auratayya da kasuwa sun girmi iyakar. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewa daga ECOWAS. A ganina an yi gaggawa a wa'adin nan, sai dai wannan ra'ayi ne da nake iya kare shi da hujja, kuma wanda ya saɓa mini zai san inda zai kama ni.

Amfanin rubutu ke nan: baki yana tsallake rami, alƙalami ba ya iyawa.

Farawa ba ta buƙatar digiri. Sashe na 19 na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera manufofin Najeriya a waje cikin 'yan layuka, kuma yana intanet. Ka karanta shi, ka zaɓi rikici ɗaya, ka rubuta abin da kowane ɓangare ke so da abin da yake tsoro. Sannan ka miƙa wa wanda ka san ba ra'ayinku ɗaya ba, ya duba maka.