Raunin Ƙwaƙwalwa: Jinyar da Bai Kamata a Bar wa Mutum Ɗaya Ba

A ƙasar Tasawa da Mayahi babu abin hawan da ya kai babur shiga rayuwar jama'a. Shi ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare, shi ke ɗauko buhun gero ranar kasuwa, kuma da shi samari ke neman abinci a matsayin 'yan kabu-kabu daga Sarkin Hausa zuwa Kanambakashe, daga Maijirgi zuwa Korgom. Sai dai a cikin masu hawansa, wanda ya sa hular kwano abin kallo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 kowace shekara, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Waɗannan matattu ne, an yi musu sutura an yi zaman makoki. Akwai waɗanda ba a ƙirga su: wanda ya bugu a kai ya rayu, ya dawo gida da ƙafafunsa ko a kan amalanke, amma ba shi ne mutumin da ya fita ba. Ga kuma wanda ya faɗo daga kan gawo yana sarar wa dabbobi ganye, da yaron da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai ya bar shi ba ji ba magana. Dukansu hannun iyali suke komawa, kuma iyalin ba su da abin riƙewa da ya wuce imani. Imanin nan yana da ƙarfin ɗaukar wannan kaya, amma sai in an fahimce shi a matsayin aikin da ke kan gida duka. In ya tsaya a kalmar "ki yi haƙuri" da ake jefa wa mace ɗaya a bakin ƙofa, to an rage masa ƙarfi, an kuma zalunce ta da shi.

Kafin a zo ga jinya, akwai sa'o'in farko, waɗanda a nan ake yawan asarar rai. Ƙoƙon kai rufaffe ne, ba ya buɗewa. In jini ya tsinke a ciki, ba shi da wurin zuwa sai ya danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum kan faɗi daga babur, ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya yi hira har ya ci tuwo, bayan sa'o'i kaɗan barci ya ɗauke shi ya ƙi tashi. Amai a kai a kai, barcin da ke ƙara nauyi, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, jijjiga, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa: kowanne daga cikinsu ya isa a ɗauki mutum a nufi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. Tsoho kuwa, ƙaramin bugu na iya tara jini a hankali, sai bayan makonni a ga ya fara ruɗewa a ce tsufa ne. Ma'aikatan lafiya na auna nauyin raunin da wani ma'auni da likitoci biyu, Teasdale da Jennett, suka fitar a Gilasgo a 1974, mai maki daga 3 zuwa 15, ta duban buɗe ido da magana da motsi. Wannan ana iya yin sa ko a asibitin gunduma na Mayahi ko na Tasawa. Hoton cikin kai da aikin tiyata kuwa sai manyan asibitoci na Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, kuma daga Tasawa zuwa Maraɗi kaɗai ya haura kilomita 100.

A nan ne mai ja da wannan magana zai fara, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce hanya da nisa, kuɗin mota da na hoto da na magani sun fi ƙarfin rumbu, kyautar magani da gwamnatin Nijar ta kafa tun 2006 ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce da wasu buƙatun mata masu ciki, ba ta magidancin da ya faɗi daga babur ba. Malam kuwa yana nan kusa, ga shi abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Tsadar gaskiya ce, kuma laifin ba na talaka ba ne. Amma jingina ta da ƙaddara bai da madogara a addini. Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna babu cutar da Allah ya saukar ba tare da magani ba, Tirmizi kuma ya kawo labarin mai raƙumin da aka umarce shi ya ɗaure dabbarsa sannan ya dogara ga Allah. Az-Zahrawi, likitan Musulmi na Andalus da ya rasu wajen 1013, ya rubuta yadda ake aikin karayar ƙoƙon kai a littafinsa At-Tasrif, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Addu'a ba ta da tsada, ana iya yin ta a cikin mota a kan hanyar Maraɗi. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗura wa wanda ya suma rubutu ko ruwan tofi a baki, domin ba ya iya haɗiya, ruwan zai tafi huhunsa. A shafa masa a jiki, a karanta a kansa.

Babbar jarrabawa tana zuwa ne bayan sallama. Gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke riƙe da kunya da tsara al'amari da danne fushi, kuma shi ne ya fi saurin buguwa a haɗari. Tun 1848 likitoci suka ga misalin haka a Amurka, lokacin da sandar ƙarfe ta ratsa kan wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage. Ya rayu, amma waɗanda suka san shi suka ga halinsa ya sauya. Haka magidanci mai kawaici zai dawo yana zagin mahaifiyarsa, yana tuɓe riga gaban surukai, yana tambayar abu ɗaya sau goma, ya ci abinci ya rantse ba a ba shi ba. Mutane sai su ce iska ce ta shafe shi ko an yi masa sammu, a fara yawon gidajen masu magani, wani lokaci har da mari da bulala da hayaƙin barkono. Ba sai an yi gardama kan samuwar aljanu ba kafin a ga kuskuren nan. Mutumin da aka gani da ido ya bugi ƙasa da kansa, halinsa ya canza daga ranar, sanadin ciwonsa a fili yake, kuma kowane duka ƙarin rauni ne a kan rauni. Shari'a ma ta sauƙaƙa masa fiye da yadda danginsa ke yi: hadisin Abu Dawuda ya sa wanda hankalinsa ya gushe cikin mutum uku da ba a rubuta musu laifi. Saboda haka zagin da ya yi ba abin riƙo ba ne, kuma in ya furta saki a wannan hali, a kai maganar gaban malamin da ya san fiƙihu kafin a ce mace ta tattara kayanta.

Ita jinyar kanta aiki ce ta hannu, mai ƙa'ida. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kamar kowane sa'o'i 2, dare da rana, a duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya. Jan tabo ko duhun fata da bai gushe ba shi ne farkon gyambon kwanciya, kuma tabarma a kan ƙasa mai tauri tana saurin kawo shi. A zaunar da shi tsaye kafin a ba shi abinci, cokali-cokali, kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya ga da yawansu, kuma in yana tari ko muryarsa na gurgura bayan kowace loma, a dakata a gaya wa ma'aikacin lafiya. A miƙe masa gaɓoɓi a lanƙwasa kowace rana don kada su ƙage. In farfaɗiya ta biyo baya, wadda takan biyo raunin kai, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki, kada a gudu, domin yawunsa ba ya harbin kowa. In ta wuce minti 5 a tafi asibiti, maganinta kuma ba a yanke shi don an ga sauƙi. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa a watannin farko zuwa shekara ɗaya ko biyu, kuma maimaici ne ke kawo shi: a kira shi da sunansa, a bar shi ya riƙe ludayi da kansa ko zai zubar, a fito da shi inuwa cikin mutane.

Duk wanda ya lissafa wannan zai ga ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma a yawancin gidaje mutum ɗaya ce ke yi, uwa ko mata, wadda kuma ita ce mai daka da ɗiban ruwa da reno, maza sun tafi bida Najeriya ko Agadas ko Libiya. 'Yan dubiya su cika gida mako ɗaya, su ce Allah ya ba da lada, su watse. In ta yi ƙorafi a ce imaninta ya yi rauni. Wannan karatu ne na son kai. Malaman fiƙihu sun ɗauki jinyar mara lafiya a matsayin farillar da ke kan jama'a, wadda in ba wanda ya tsaya mata kowa ya yi laifi, kuma Muhtasar na Halil, da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya lissafa jinya cikin uzurorin da ke sauke wa namiji zuwa Juma'a. Namiji ake nufi, tunda shi Juma'a ta wajaba a kansa. Sayyidina Usman bai halarci Badar ba saboda yana jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), aka kuma ba shi lada da rabon wanda ya halarta. In jinya ta kai matsayin da za ta tsayar da sahabi daga Badar, ban ga ɗan'uwan da zai ce ta yi masa ƙanƙanta ba.

Za a ce kowa da nasa talaucin, wa ke da rarar da zai bayar? Abin da mai jinya ta fi buƙata ba kuɗi ba ne kullum: barcin dare ɗaya ne cikakke, da wanda zai kama mata a ɗaga majinyaci a yi masa wanka, da wanda zai nome gonarsa da damina. Ƙasar nan ta san gayya tun kaka da kakanni. A jihar Maraɗi ne kuma aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, tsarin asusun da daga baya ya bazu ƙasashe da dama, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi kan ware ɗan abu don lalurar mambobi. Masallacin da ke iya tara kuɗin lasifika yana iya tara kuɗin maganin farfaɗiya na wata. Liman da mai gari su ne suka fi cancanta su zaunar da dangi tun makon da aka sallamo majinyaci, a raba kwanaki da suna, a san mai kwana Litinin da mai kwana Talata, a san wanda zai aiko daga bida da ranar da zai aiko. Matasan da ke kabu-kabu a tashoshin Tasawa da Mayahi kuma su sayi hular kwano su ɗaure igiyarta; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta yadda ya kamata na iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100.