Cooper Black: Haruffan da suka shekara 100 suna talla, amma ba su san ƙ da ɗ ba

Duk ɗan Nijar da ya taɓa hawa jirgin easyJet a Turai ya ga waɗannan haruffa a jikinsa: masu kauri, masu sulɓi, babu tsini ko guda, kamar an mulmula su da hannu. Sunansu Cooper Black, kuma sun girmi kamfanin jirgin da shekara 73.

Wani Ba'amurke mai zanen talla, Oswald Cooper, shi ne ya zana su a birnin Chicago, kamfanin Barnhart Brothers & Spindler ya fito da su kasuwa a 1922. A wancan zamani da dalma ake zuba haruffa, mai maɗaba'a ya bi yana jera su ɗai-ɗai. Nan da nan ƴan talla suka yi musu ca, har wasu kamfanoni suka shiga kwaikwayonsu.

Sirrin yana cikin zanen. Yawancin haruffa masu kauri tsawa suke yi wa mai karatu, su kuwa waɗannan kira suke da fara'a. An dakushe duk wata kusurwa, ramin da ke cikin O ya ɗan kishingiɗa, ɗigon i kuma ya yi kama da ƙwai. Baƙinsu ya cika ido, shi ya sa ake karanta su daga nesa, ko mutum na bisa kabu-kabu.

Bayan sun kwanta na wasu shekaru, sai suka sake tashi. Da su aka rubuta sunan faifan Pet Sounds na mawaƙan Beach Boys a 1966, haka ma sunan Garfield, magen nan ta zanen barkwanci. Daga baya Microsoft ya saka su cikin manhajar Office, to daga nan ne suka zama na kowa. Matashin da ke buga katin biki ko allon shago a Maraɗi ko Damagaram zai iya tarar da su cikin kwamfutarsa ba tare da ya biya ko dala ba.

Sai dai ba ko'ina suke shiga ba. Sun dace da sunan gidan abinci, rigar ƴan ƙwallo ko tallar fura da yogot. A sanarwar rasuwa kuwa, sai su zama kamar dariya a gidan makoki. In aka ƙanƙanta su, ramukan cikinsu kan cushe, lambar waya ta gagari mai karatu.

Babbar matsalar ga mai rubuta Hausa ita ce lanƙwasa. Samfurin da ke zuwa da Office ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan aka buga su, kwamfuta kan aro siririn harafi daga wani samfurin ta cusa a tsakiyar kalma, ko ta bar akwatin banza. Da yawa sai su haƙura su cire lanƙwasar, baƙi ya koma baki, ƙura ta zama kura, a kan allon da mai shago ya biya kuɗinsa kuma zai shekara a rataye.

Masu zanen da suka san aikinsu kan buga k ko d, sannan su ɗora lanƙwasar da hannu a CorelDRAW ko Photoshop, da kauri daidai da na sauran harafin. Ƙananan bayanan da ke ƙasa kuma su rubuta da Andika ko Noto Sans, waɗanda kyauta ne kuma suna da haruffan Hausa duka.