Fistol a aljihu: Zaɓin da doka ba ta bai wa mutanen Isa da Sabon Birni ba

Tafiya daga Isa zuwa Sabon Birni ba ta da wani tsawo idan a taswira aka duba, amma babu direban da zai tayar da mota bai fara tambayar lafiyar hanya ba. Shekaru ke nan ana wannan rayuwa a gabashin Jihar Sakkwato. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun afka wa ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, inda aka ƙirga gawa sama da 70. A Disamban 2021 an tare wata motar fasinja kusa da Gidan Bawa, aka cinna mata wuta da mutane a ciki, 'yan sanda suka ce mutum 23 ne suka rasu. A Yulin 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a Kwanar Maharba, suna kan hanyar komawa gida daga Sakkwato. Bayan makonni, a watan Agusta, labarin kashe shi ya iso, matasa suka fito zanga-zanga a Sabon Birni har sai da aka sa dokar hana fita.

Idan basarake bai tsira a kan wannan hanya ba, ɗan kasuwar da ke ɗauke da kuɗin albasa ko na shanu yana da dalilin da zai sa ya yi tunanin abin da zai kare kansa da shi. Kuma tunanin da ya fi saurin zuwa wa mai abin hannu shi ne ƙaramar bindiga, fistol, wadda tsofaffi ke kira libarba: ƙarama ce, tana shiga aljihun riga, babbar riga ta rufe ta ba wanda ya sani.

Wayar hannu ta ƙara wa wannan tunani armashi. A YouTube da Facebook akwai bidiyoyi birjik daga Amurka, inda zaɓen bindigar aljihu ya zama tamkar zaɓen waya ko agogo. Ana gwada wannan da waccan, ana auna nauyi, ana muhawara kan wadda ba ta nunawa a jikin wando. Ruger LCP, wadda ta fito a 2008, nauyinta bai kai giram 300 ba, harsashi shida take ci a gidanta. SIG Sauer P365 ta 2018 ta yi suna ne saboda ta cusa harsashi 10 a jiki ɗan ƙarami. Masu wannan muhawara suna yin ta hankali kwance domin tsarin mulkin ƙasarsu ya ba su damar mallakar makami, kuma a Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa wannan dama ta haɗa da fita da bindiga waje don kare kai.

A Najeriya labarin daban yake tun daga tushe.

Dokar Makamai, wadda aka kafa a 1959 kuma har yau ita ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne na haramtattun makamai: manyan bindigogin yaƙi, roka, bom da gurneti, mashinga, da bindigogin soja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a wannan gida aka ajiye fistol da libarba, kowace iri ce, har da ƙirar maƙera. Ba kwamishinan 'yan sanda ba, ba ma Sufeto Janar ba, Shugaban Ƙasa ne kaɗai doka ta bai wa ikon bayar da lasisin riƙe su. Gida na biyu shi ne na bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, da bindigogin iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar. Gida na uku shi ne na bindigogin ɗure, wato adaka da bindigar toka da ake cusa wa albarushi ta baki, su kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ke lura da su.

Ma'ana, a idon doka, mutumin da aka kama da 'yar ƙaramar fistol a aljihu a kasuwar Isa sahunsa ɗaya da wanda aka kama da AK-47. Hukuncin riƙe haramtaccen makami ba tare da lasisi ba yana farawa ne daga ɗaurin shekara 10. Ƙanƙantar da ta sa ake sha'awarta ita ce ta sa doka ta fi tsanar ta, domin makamin da ake iya ɓoyewa shi ne makamin ɗan fashi da na mai kisan gilla, tun kafin a san wani abu wai shi ta'addancin daji.

Ko gida na biyu ma ƙofarsa a rufe take. A Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai, da hujjar cewa waɗanda ke yawo a hannun jama'a sun riga sun yi yawa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Jeniba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya, mafi yawansu babu rajista. Ga kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda Najeriya ta sa wa hannu, da ta ɗora wa ƙasashe nauyin taƙaita su.

Abin da ya rikita talaka shi ne daga bakin hukuma ya ji an ce ya nemi makami. Aminu Bello Masari, yana gwamnan Katsina, ya faɗa wa mutanensa a 2021, ba sau ɗaya ba, cewa su tashi su mallaki abin kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara, maƙwabciyar Isa ta ɓangaren Shinkafi, ta fitar da sanarwa cewa jama'a su shirya neman lasisin bindiga, har ta ce za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Ba a kwana biyu ba kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce dakatarwar da aka yi wa bayar da lasisi tana nan daram, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Aka bar manomi a tsakiya: gwamna ya ce ɗauki, ɗan sanda ya ce idan ka ɗauka za ka sha ɗauri, ɗan bindiga kuma bai taɓa cika fom ba.

A ajiye batun doka gefe guda, a dubi makamin kansa. Bindigar aljihu an ƙera ta ne don faɗa na kusa da kusa, mutum ɗaya da mutum ɗaya, a tazarar 'yan taku, irin abin da ke faruwa a lungun birni da dare. Bakinta gajere ne, riƙonta ƙarami, saboda haka ko a hannun wanda ya sha horo samun saiti da ita yana da wuya da zarar tazara ta ɗan ƙaru. Masu koyar da harbi a ƙasashen da aka halatta ta suna yawan cewa ƙaramar bindiga ta fi sauƙin ɗauka amma ta fi wahalar harbawa. Shi kuwa harin da ake kaiwa a yankin Gobir ba irin wannan ba ne. Mutane ne da dama a kan babura, bibbiyu ko uku-uku, da AK-47 mai cin harsashi 30 wadda ke iya kaiwa mita 300, wani lokaci har da mai jigida. Waɗannan su ne suka far wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma a Satumban 2021 suka kashe sama da goma. Harsashi shida a aljihun fasinja ba zai sauya lissafin irin wannan rana ba, sai dai ya sa a buɗe wa motar wuta gaba ɗaya.

Sannan ɓoyewar da ake taƙama da ita ba ta daɗewa. Idan 'yan bindiga suka tare hanya, lalube suke yi, suna neman kuɗi da waya. Wanda aka samu da makami ba za a ɗauke shi a matsayin fasinjan da za a nemi kuɗin fansa a kansa ba, za a ɗauke shi ɗan sa-kai ne ko jami'in da ya yi shigar burtu, kuma kowa a yankin ya san makomar waɗannan a hannun yaran Bello Turji. Idan kuma a shingen sojoji ko na 'yan sanda aka same ta, a yankin da ake farautar infoma da masu safarar makamai, bayanin cewa don kare kai aka saye ta ba zai hana mutum kwana a Sakkwato ba. Tun da Babbar Kotun Tarayya ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, zargin alaƙa da su ya ƙara nauyi.

Akwai kuma tambayar daga hannun wa za a saya. Tun da babu shagon da zai sayar wa farar hula fistol bisa ƙa'ida, duk wadda ta shigo hannu ta biyo ɗaya daga cikin hanyoyin da makaman 'yan bindigar ke biyowa ne, ko ta iyakar Nijar, ko daga rumbun da aka sata, ko daga maƙerar ɓoye. Mai saye bai san ko an taɓa kashe wani da ita ba, kuɗinsa kuma sun tafi aljihun dillalin da gobe zai kai wa na daji harsashi. Ƙirar gida tana da nata haɗarin, don ƙarfen da bai ƙosa ba kan fashe a hannun mai harbi. Tarihin yankin ma yana da labari makamancin wannan: ruwayoyin jihadi sun ce Sarkin Gobir Yunfa ya taɓa auna Shehu Usmanu da bindiga a fadar Alƙalawa, wadda kufanta ke nan kusa da Sabon Birni, sai bindigar ta tashi ta baya ta ƙona mai harbin. Kowa da yadda yake fassara wannan ruwaya, amma maharba ba sa mamakin ɓangaren da ya shafi bindigar.

A cikin gida ma ba a tsira ba. Gidan Bahaushe cike yake da yara, babu akwatin ƙarfe mai makulli irin wanda dokokin wasu ƙasashe ke tilasta wa masu bindiga. Rigar da aka rataye a ƙusa lokacin alwala, ita ce yaro zai laluba yana neman canji.

Duk wannan ba ya nufin mutanen Isa su naɗe hannu. Sashe na 33 na tsarin mulki ya amince da kare kai da dukiya, dokar Final Kod ma haka, da sharaɗin kada ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce kima. Inda gizo ke saƙar shi ne kotu ce ke auna wannan kima bayan an gama komai. Manomin Adamawa Sunday Jackson, wanda ya kashe makiyayin da ya ce ya far masa da wuƙa a gonarsa, hukuncin kisa aka yanke masa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris ɗin 2025, sai daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa.

Garuruwan da suka iya tsayawa sun tsaya ne a matsayin gari, da maharba da bindigogin toka da ganuwa ko rami da masu gadin dare, da kuma labarin da ke isowa da wuri. Amma nan ma Sakkwato ta ga abin da makami ba tare da linzami ba ke haifarwa. A Oktoban 2021 rahotanni suka ce 'yan sa-kai sun kashe mutum 11 a kasuwar Mamande da ke Gwadabawa, akasarinsu Fulani. Kwanaki kaɗan bayan haka 'yan bindiga suka shiga kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ce mutum 43 aka kashe. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatinsa ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai. Waɗanda suka biya farashin ramuwar gayyar ba su ne suka ja kunamar farko ba, kuma dubban mutanen yankin har yanzu suna zaman gudun hijira a Gidan Rumji da sauran garuruwan Jihar Maraɗi.

Daga wannan darasi jihohin suka koma kafa rundunonin tsaron al'umma da doka ta san da su. Katsina ta ƙaddamar da tata a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da ta Sakkwato a Maris ɗin 2024. Ana ɗaukar matasa daga garuruwansu, a ba su horo da kaki da babura da alawus, a sa su ƙarƙashin kulawar jami'an tsaro. Wannan ita ce kusan hanya ɗaya tilo da matashin Isa zai riƙe makami a fili ba tare da fargabar kamu ba. Sai dai su ma gwamnoni ba su da ikon ba su irin makaman da abokan gaba ke riƙe da su, domin wannan iko yana Abuja. Rotimi Akeredolu ya yi ta wannan ƙorafi kan rundunar Amotekun lokacin yana gwamnan Ondo.

A Majalisar Dattawa, Sanata Ned Nwoko na Delta ya fito a farkon 2024 da ƙudurin da zai bai wa fararen hula damar mallakar bindiga bayan gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa da horo da shaidar shugabannin al'umma. Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya riga ya bayyana cewa ba ya goyon bayan kiraye-kirayen jama'a su ɗauki makami, yana ganin hakan kiran rikici ne. Dokar 1959 dai ita ce ke aiki a shingen binciken da ke kan hanyar Marnona zuwa Isa, kuma a jadawalinta fistol tana nan a layi ɗaya da gurneti.