Bindigar Soja a Ɗakin Mai Bi

Karatu: 1 Sama'ila 25, Luka 22:35-53, Romawa 13:1-5



Ran wata Lahadi bayan sujada, wani dattijo daga cikinmu ya ja ni gefe, ya ce, “Baba Fasto, yarona yana so mu sayar da sa biyu mu sayi bindiga irin ta soja, mu ajiye saboda tsaro. Zunubi ne?” Ban ba shi amsa nan take ba. Mutumin yana da mata da 'ya'ya da jikoki, yana kuwa jin labarin Zamfara da Katsina a rediyo kowace safiya. Wanda ya yi wa irin wannan tambaya dariya bai san tsoro ba. Yau ina so mu dube ta tare.

Gardamar ba a ikilisiya ta fara ba. A watan Maris na 2018, Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa mutane su tashi su kāre kansu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi irin wannan kira. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce jama'a su nemi izinin riƙe bindiga, amma Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Da Janar Danjuma ya sake maganarsa a watan Afrilu na 2025, Gwamna Umar Namadi na Jigawa ya ƙi yarda, ya ce idan kowa ya ɗauki makami ƙasa za ta rikice. Kun ga manya ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

To, me doka ta ce? Da yawa cikinmu ba mu sani ba. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta raba bindiga kashi 3. Akwai bindigar toka irin ta maharba, wadda ake ɗura mata albarushi ta baki. Izininta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Akwai bindigar farauta ta bature, kamar mai baki biyu. Izininta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kashi na uku, makaman da aka haramta: bindigar soja, da mai sarrafa kanta, da gurneti, har da ƙaramar bindiga ta aljihu. Waɗannan Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. Ba gwamna, ba sarki, ba hakimi, balle fasto. Wanda aka kama da ɗaya daga cikinsu ba izini, hukuncinsa ba ya kasa shekara 10 a kurkuku. Ko a kan bindigar farauta ma, doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai ciwon ido, da mashayi, da wanda kotu ta hukunta saboda tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Mahaifina yana da bindigar toka, a bayan ƙofa take rataye. Harba-ka-ruga muke ce mata muna yara, gama in ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗurawa zabuwa ta kai wani gari. Wannan jinkiri alheri ne da ba mu gane ba a lokacin. Kafin mutum ya auna albarushi ya danna, zuciyarsa ta ɗan huce, ko kuwa wani ya riƙe masa hannu. AK-47 ba ta ba da wannan zarafi. Tana ɗaukar harsashi 30, kafin ka ƙirga biyar ta zazzage su duka, harsashinta kuwa yana huda ƙofa da danga ya sami wanda ke kwance a bayansu. Don fagen fama aka ƙera ta. Gidanmu kuwa zana ce tsakaninmu da maƙwabci.

Makaman nan sun riga sun yi yawa a ƙasa. A 2021 Janar Abdulsalami Abubakar ya ce akwai wajen miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya. Faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011 ta buɗe rumbunan makamai, suka bi hamada suka gangaro kudu. Iyakarmu da Nijar ta fi kilomita 1,400, mu kuwa da ke zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis mun san yadda hanyoyin daji suke da yawa. Duk mai sayen bindiga a ɓoye, daga hannun wa yake saya? Daga hannun wanda ke sayar wa 'yan fashin daji. Kuɗin shanunka biyu su ne jarin da zai sayo musu wasu.

Yanzu mu buɗe Littafi Mai Tsarki. Masu son a ajiye makami sukan kawo Luka 22:36, inda Yesu ya yi wa almajirai maganar sayen takobi. Sukan kawo Nehemiya sura 4, inda masu ginin garun Urushalima suka yi aiki da makami a hannu. Sukan kuma kawo Fitowa 22:2, inda Shari'a ba ta ɗora alhakin jini a kan wanda ya buge ɓarawon da ya fasa gida da dare ba. Waɗannan ayoyi suna nan, ba zan share su ba. Kāre iyali ba zunubi ba ne, mutumin da ya bar matarsa da 'ya'yansa ya tsere ba abin yabo ya yi ba. Amma mu karanta har ƙarshe. Aya ta 3 ta Fitowa 22 ta ce idan rana ta riga ta fito, akwai alhakin jini, ko da ɓarawo ne. Nehemiya gwamna ne, da izinin sarki ya zo, shi ya shirya masu tsaro, mai busa ƙaho kuwa yana gefensa. Babu wanda ya fita da kansa neman fansa. Takobin Luka 22 kuma, a daren nan Bitrus ya zare shi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist. Yesu ya tsawata masa, ya sa ya mai da takobin kube, ya warkar da kunnen. A Romawa 13 Manzo Bulus ya nuna cewa hukuma ce aka danƙa wa takobi domin horon mai mugunta.

Inda na fi so mu daɗe shi ne labarin Dawuda da Nabal, gama ya yi kama da ƙasarmu ta noma da kiwo. Dawuda da mutanensa suna jeji, sun tsare garken Nabal, ko tunkiya ɗaya ba ta ɓata ba. Lokacin sausayar tumaki ya aika a roƙa masa abinci. Nabal ya zage shi. Zagi ne kawai, ba wanda aka kashe, ba abin da aka sace. Dawuda ya ce kowa ya rataya takobinsa, mutum wajen 400 suka bi shi, ya yi rantsuwa ba zai bar namiji ko ɗaya da rai a gidan Nabal ba kafin safiya. Wannan fa Dawuda ne, mai zabura, wanda a sura ta 24 ya sami Saul a kogo ya ƙi taɓa shi. Takuban nan domin kāre kai daga Saul da Filistiyawa aka ajiye su. Ran da fushi ya zo, gidan wani makiyayi suka nufa.

Me ya ceci gidan? Tafiyar da ke tsakani. Abigail ta sami lokacin ɗora gurasa 200 da tumaki 5 gyararru a kan jakuna, ta tarye shi a hanya ta yi masa magana. Dawuda da bakinsa ya gode wa Allah da ya aiko ta ta hana shi zub da jini. Ɗan'uwana, ka tambayi kanka: da shanu sun shiga gonar gerenka da kaka, bindigar tana ƙarƙashin gado, ɗanka mai shekara 20 yana gida, ina Abigail za ta sami lokaci?

Zamfara ta nuna mana wannan. 'Yan sa-kai sun tashi ne domin kāre ƙauyukansu daga ɓarayin shanu, mutane suka yi murna. Daga baya aka shiga kashe wanda ake zargi a kasuwa ba shari'a, 'yan'uwansa suka shiga daji suka sayi makamai mafi ƙarfi, ramuwa ta bi ramuwa, har gwamnati ta haramta ƙungiyar. Mu kuwa masu bi a masarautar Gumel ba mu da yawa. Zamanmu da maƙwabtanmu Musulmi a kan amana yake, tare muke cin kasuwa, tare muke zuwa gaisuwar mutuwa. Ran da aka tono bindigar soja ɗaya a gidan Kirista, ba sunan mutumin za a kira ba, za a ce coci na tara makamai. Dukanmu za mu biya.

Ba ina cewa mu naɗe hannu ba. Akwai tsaro da doka ta yarda da shi. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, ana horar da su, an san sunayensu, akwai wanda ke ba su umarni, akwai wanda za a tuhuma in sun yi ɓarna. Matasanmu su shiga 'yan sintirin unguwa tare da maƙwabta, da sanin mai unguwa da 'yan sanda. Ɗanmu da ke da zuciyar riƙe makami, ƙofar aikin soja da ɗan sanda a buɗe take. Karniliyus ma soja ne. Dattawan ikilisiya su riƙe lambar wayar ofishin 'yan sanda da ta dagaci, a sa ido a kan baƙuwar fuska ran sujada. Rikicin gona kuma a kai shi gaban dagaci da ardo tun yana ɗanye.

Ga amsar da na ba dattijon nan bayan mako guda. Na ce kada ya sayar da shanun. In kuwa akwai wanda ya riga ya saya, kada ya binne ta a rumbu, kada ya jefa a rijiya, kada kuma ya sayar wa wani. Tun 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar karɓar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Ya nemi shawarar lauya tukuna, ya sanar da hakiminsa, sa'an nan a miƙa ta ga hukuma da rana, a gaban shaidu. In yana jin tsoron tafiya shi kaɗai, ya zo mu tafi tare.