Matsalar Kalmar "Tarawa" wajen Koyar da Haɗa Filayen Lantarki

A wannan sashe za mu yi tsokaci kan wata kalma da ke iya ɓatar da ɗalibi idan aka koyar da fiziks da Hausa, wato "tarawa". Tun daga firamare yaro ya san cewa idan an tara, adadi ƙaruwa yake yi. A darasin filin lantarki kuwa, ba kullum haka abin yake ba.

Filin lantarki shi ne ƙarfin ja ko turi da caji ke yi wa kowane kulom ɗaya da aka ajiye a wani wuri kusa da shi. Bisa dokar da Charles Coulomb ya bayyana a 1785, ana samun girman filin ɗigon caji da E = kq/r², inda k ta kai kimanin 9 × 10⁹. Sai dai fili yana da girma, yana kuma da alƙibla: yana fita daga caji mai alamar (+), yana nufar caji mai alamar (−).

Ga misali. A ajiye caji biyu masu alamar (+), kowanne maikirokulom 2, da tazarar mita 2 tsakaninsu. A tsakiya, kowanne yana haifar da filin niyuton 18,000 kan kowane kulom. Ɗalibin da ya riƙe ma'anar firamare zai rubuta 36,000, alhali amsar sifili ce, domin filayen biyu suna fuskantar juna, sun soke juna. Sai an mayar da caji ɗaya mai alamar (−) sannan 36,000 za ta zama daidai. Haka kuma, idan wani fili 3,000 ne ta gabas, wani 4,000 ta arewa, sakamakon 5,000 ne bisa ƙa'idar Fitagoras, ba 7,000 ba.

Saboda haka muna ba da shawara a keɓe "tarawa" ga zallar lambobi, a yi amfani da "haɗawa bisa alƙibla" ga filaye. Malami kuma ya saba wa ɗalibai da matakai uku: zana kibiyar kowane fili, lissafa girmansa, sannan haɗa su. Misalin mutum biyu da ke jan igiya ɗaya, ko dai gefe guda ko kuma kowa nasa gefen, zai taimaka ƙwarai.

Ya kamata masu tsara manhaja su daidaita waɗannan kalmomi kafin a buga littattafai, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.